Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Makarantun Nazare Na Jos: Ku Turo Wa Iyaye Aikin Da Za Su Iya

Zuwa ga Alhazai da Hajiyoyi, Malamai maza da mata, da duk wanda Allah ya ɗora wa riƙon makarantar nazare mai zaman kanta a garin Jos, daga Anguwan Rogo da Rikkos da Gangare da Dilimi da Ali Kazaure da Nasarawa, har Tudun Wada da Bukur.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, tare da fatan alheri gare ku da malamanku da yaran da ke hannunku.

Ni malama ce a wata makarantar matan aure da ake yi da yamma, inda muke koyar da karatu da rubutu ga matan da ba su yi boko da ƙuruciya ba, ko suka fara aka cire su. Mafi yawan ɗalibaina ƙananan 'ya'yansu suna makarantunku. Saboda haka ina ganin aikinku ta wajen da ku ba ku cika ganinsa ba, wato bayan an tashi, yaro ya koma gida, an zazzage jakarsa a kan tabarma. Abin da nake gani a nan ne ya sa na rubuto muku.

A duk taron iyaye da malamai kuna cewa iyaye su riƙa taimaka wa yara da karatu a gida, makaranta ita kaɗai ba za ta iya ba. Gaskiya kuka faɗa, ba ni da ja. Damuwata ita ce irin aikin da kuke turowa gidan. Mafi yawansa uwa ba za ta iya sa hannu a ciki ba, kuma ko ta iya, ba shi ne zai koya wa yaro karatu ba. Alhali akwai aikin da kusan kowace uwa za ta iya, ko da ba ta taɓa zama a aji ba, wanda kuma a kansa karatun yake tsayawa, amma ba wanda ya gaya mata. Roƙona gare ku shi ne ku ɗauke wancan, ku turo wannan.

Kada ku zaci ban san nauyin da ke kanku ba. Ga kuɗin haya, ga albashin malamai, ga iyayen da ba sa biya sai zango ya zo ƙarshe. Ga kuma uban da zai shigo ofis ya ce shi fa bai ga ana ba ɗansa aikin gida da yawa ba, makarantar bayan layi ta fi ku. Na san da yawanku don gudun wannan maganar kuke cika littafin yaro da jinga. Na kuma san da ba don ku ba, da yara masu yawa a unguwanninmu suna gararamba a layi har su kai shekara shida ko bakwai. Allah ya saka muku da alheri. Amma ku ji abin da jingar take zama in ta iso gida.

Wata ɗalibata mai sana'ar awara ta miƙo mini littafin ɗanta bayan mun tashi, ta ce, "Malama, don Allah duba mini, me aka ce ya yi?" Yaron shekararsa huɗu. An ce ya rubuta 1 zuwa 100, ya cika shafi guda da wata jimlar Turanci, sannan ya haddace jihohi da manyan biranensu kafin gobe. Na buɗa shafukan baya, na ga rubutu tsaf a kan layi, ko'ina jan biro ya sa alamar daidai. Na ce, "Maman yaro, wannan rubutunsa ne?" Ta sunkuyar da kai, ta ce yayarsa 'yar aji biyar ce ke riƙe masa hannu, in ya fara kuka ko gyangyaɗi sai ta ƙarasa da kanta don kada a doke shi da safe. Sau da yawa da fitilar waya ake yi, don ba wuta. Ita uwar tana gefe tana tatar waken gobe, ba ta da ta cewa, domin tun tuni an nuna mata karatun ɗanta ba huruminta ba ne.

Na sa ta zo da yaron. Ya rera mini "A for apple" har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba. Na ɗauko gwangwanin madara na nuna masa harafin m shi kaɗai, na ce, "Wannan fa?" Ya dubi harafin, ya dube ni, sai ya koma ya faro rerawar daga A, yana jira in ya iso wurin in tsayar da shi. Wannan yaro ba daƙiƙi ba ne. Wanda ya riƙe layi 26 a harshen da ba ya ji, kansa yana ja. Abin da aka ba shi ne ya riƙe, karatun ne ba a ba shi ba. Kuma littafinsa yana gaya muku komai lafiya.

Ba shi kaɗai ba ne, ba kuma Jos kaɗai ba ce. Rahoton da Bankin Duniya da UNICEF da UNESCO da wasu abokan aikinsu suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara abin ya kusa tara cikin goma. Da yawa daga cikin waɗannan yara ba a titi suke ba, a aji suke, da yunifom da jaka da littattafai cike da rubutu.

Ku da kuka karanci aikin malanta kun fi ni sanin yadda karatu ke shiga kan yaro, amma bari in faɗa da irin maganar da nake yi wa ɗalibaina. Sai kunnen yaro ya fara gane cewa kalma guntu-guntu ce: masa, ma ce da sa, kuma farkonta da farkon mota abu ɗaya ne. Sannan idonsa ya gane kowane sauti yana da siffarsa a takarda. Sannan bakinsa ya saba haɗa su har su koma kalma ba tare da wahala ba. Bayan duk wannan, dole kalmar ta kasance wadda ya san ma'anarta, in ba haka ba furtawa kawai ya yi. To ku duba na farko da na ƙarshe. Ba sa buƙatar littafi, ba sa buƙatar fensir, ba sa buƙatar Turanci. Hira suke buƙata, hirar ɗan shekara huɗu kuwa tana hannun uwarsa da kakarsa da yayyensa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mu ba baƙin wannan hanya ba ne. A makarantar allo, ba a miƙa wa yaro alƙalami ranar da aka kai shi. Da baki yake fara biya gajerun surori. Sannan malam ya rubuta masa babbaƙu, haruffa zalla ba wasali, yana nunawa da yatsa yana kiran sunansu, ba guje, sin, mim, ha kuri, har ya gane kowanne a duk inda ya gan shi. Sai a shiga farfaru, a ɗora wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a. Sai ya fara haɗawa da kansa. Rubutu kuwa sai can gaba. Malam ne ke rubuta masa allonsa har lokacin da hannunsa ya yi ƙwari. A Islamiyya ma haka ne: ba, bi, bu, ta, ti, tu, kafin a kai ga kalma. Mafi yawan matan da kuke kira marasa ilimi sun bi ta wannan hanya. A ajina, matar da ta yi allo ko Islamiyya ba ta daɗewa take kama boko, domin ta riga ta san yadda ake ɗora wasali a kan baƙi a fitar da sauti. Siffar haruffan ce kawai sabuwa gare ta. Wasunku suna biyan kuɗi a horar da malamansu kan Jolly Phonics, wato tsarin koyar da karatun Turanci ta hanyar sautin haruffa, kuma madalla da hakan, tsari ne mai kyau. Amma gindinsa ɗaya da na farfaru: sauti, siffa, haɗi. Da tsohuwar zuma ake magani. Uwar da kuke ganin ba ta da abin bayarwa, tana riƙe da rabin hanyar a kanta.

Yanzu in zo kan abin da na san zai fi tayar muku da hankali, wato harshe. Ina roƙon ku bari karatun gida ya faro da harshen da ake yi a gidan, wanda a unguwanninmu Hausa ce.

Dalilina ba son kai ba ne. Rubutun Hausar boko ba ya yaudarar yaro. Wasula biyar ne, a, e, i, o, u, kuma b da a duk inda suka haɗu ba ne. Gaskiya ne ba ma sa alamar tsawon wasali ko karin sauti a rubutu, amma yaron da ya tashi da harshen kunnensa ke gyara masa wannan da zarar ya ji jimlar. Turanci kuwa haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka sama da 40. Harafin a ɗaya ne a cat da cake da call, amma furuci uku ne. Wani bincike da aka buga a 2003, wanda ya kwatanta yara masu koyon karatu a harsunan Turai 13, ya nuna cewa masu harsunan da rubutunsu ke bin furuci, irin su Finlan da Italiya da Girka, kafin shekarar farko ta ƙare yawancinsu sun iya karanta kalmomi daidai, su kuwa masu Turanci sai da suka ɗauki fiye da ninkin wannan lokaci. Waɗannan fa yara ne da aka haifa cikin Turanci, da shi suke kuka da shi suke wasa. To ina ga ɗan Gangare da ake so ya koyi sirrin haɗa haruffa, ya koyi sabon harshe, ya koyi riƙon fensir, duka a lokaci guda yana ɗan shekara huɗu?

Mu ma a ƙasar nan an gwada. Daga 1970 marigayi Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, kuma sun nuna ƙwazo a sauran darussa. Nan kusa da mu, a Bauchi, da kuma Sakkwato, an yi shirin Mu Karanta da tallafin hukumar USAID ta Amurka, inda aka koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwan firamare kafin a tsallaka da yara zuwa Turanci. Manufar ilimi ta ƙasa tun fitowarta a 1977 ta ce a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya, lokacin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, ta faɗaɗa wannan zuwa dukan firamare. A Nuwamba 2025 kuma minista Tunji Alausa ya sanar da komawa Turanci. Wannan ja-in-ja ta aji ce, kuma ban rubuto don in sa ku saɓa wa hukuma ba. Ku koyar da Turancinku a aji yadda aka umarce ku. Amma tsakar gida ba ta ƙarƙashin wata takardar ma'aikata, kuma a can Hausa ake yi ko an so ko an ƙi. Tambayar kawai ita ce, za a bar wannan Hausar ta tafi a banza, ko za a gina karatu a kanta?

Na san abin da iyaye ke tsoro, don suna gaya mini. Uba ya biya kuɗi ne don ɗansa ya ji Turanci, ya ci jarrabawa, ya samu aiki. Yana da gaskiyarsa. Abin da ya kamata ku fahimtar da shi, ku da yake jin maganarku, shi ne haɗa haruffa sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa. Yaron da ya gane cewa k da a da m da a suna ba da kama, ya riga ya gano abin da takarda ke nufi. In ya zo Turanci, mafi yawan baƙaƙen su ne dai, b da d da k da m da n da s da t. Sai a nuna masa inda Turanci ya bauɗe. Ba a rage masa Turanci ba, an gajarta masa hanyar zuwa gare shi ne.

Wani zai ce ajinsa gauraye yake, akwai Birom da Afizere da Anaguta da Ngas da Ibo da Yarbawa. Haka Jos take, kuma abin alfaharinmu ne. Amma ai ba cewa na yi ku tilasta wa kowa Hausa ba. Cewa na yi kowace uwa ta yi da harshen da take yi wa ɗanta magana. Kuma mu duka mun san a garin nan Hausa ba ta masallaci kaɗai ba ce. Da ita ake ciniki a Farin Gada da Katako, da ita ake wa'azi da waƙa a majami'u da yawa, kuma tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Gidaje masu yawa da ba na Hausawa ba, akwai kakar da da Hausa ta koyi karatu.

To me za ku turo gida a maimakon shafukan kwafi? Ba abu mai tsada ba ne, kuma bai kamata ya wuce minti goma zuwa goma sha biyar ba, don hankalin ɗan wannan shekaru ba ya zama fiye da haka.

Ga 'yan shekara uku da huɗu, ku bar fensir gefe, ku turo wasan kunne. Uwa tana yanka kayan miya, ta ce su tafa sunan abin da ke gabanta: tu-ma-tir tafi uku, ka-be-ji tafi uku, al-ba-sa tafi uku, ac-ca tafi biyu. Su tafa sunan kowa a gidan. Wata rana ta ce, "Nemo mini abin da ya fara da sss a ɗakin nan," ya kawo sabulu, ya kawo soso, ya nuna sukari. In ya kawo cokali, kada ta ce bai iya ba. Ta ja farkon kalmar a bakinta su ji tare. Ga kacici-kacici, ga wasan karya harshe irin na ƙato da kwaɗo da suka je ƙoto, wanda duk yaron da ya iya shi kunnensa ya fara rarrabe sautuka. Ga kuma tatsuniya, wadda muka bari ta kusa mutuwa. In hunturun Jos ya kankama, kowa ya shige ɗaki tun Magariba, babu lokacin da ya fi wannan. Amma ku gaya wa uwa kada ta tsaya a ƙurunƙus. Ta tambaye shi, "Me ya sa Gizo ya ɓoye naman? Kai da kai ne Ƙoƙi me za ka yi?" Washegari ta ce shi ya ba ta labarin. Yaron da ya iya jero labari daga farko zuwa ƙarshe da bakinsa, shi ne zai iya bin labari a takarda.

Ga 'yan shekara biyar, sai haruffa, amma ba daga A zuwa Z a jere ba. A yanka kwalin taliya ƙanana-ƙanana, a rubuta harafi ɗaya babba a kowanne, ko da gawayi ne. A fara da biyar kacal: a, i, b, k, m. Daga waɗannan yaro zai haɗa baba, mama, kaka, baki, biki, kama. A ƙara n da t, sun zama bakwai, sai ga jimla sukutum: Kaka ta ba ni nama. Na ga wata yarinya 'yar shekara biyar ta jera waɗannan kwalaye a kan tabarma, tana bin su da yatsa, ka, ka, ta tsaya, ta sake, sai ta ɗago kai da ƙarfi ta ce, "Kaka! Umma, kaka aka rubuta!" Ta kwashi kwalayen a gaban rigarta ta ruga ɗakin kakar don ta nuna mata sunanta. Uwar da ta koya mata ba ta gama littafin farko a ajinmu ba a lokacin. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da masu goyo irin sh da ts da gw, su biyo baya sannu a hankali. Kuma a koyar da sautin harafi kafin sunansa na Turanci, domin yaron da aka ce wa wannan em ne, wannan e ne, in ka ce ya haɗa, eme zai ce, ba ma ba.

Yadda saƙon zai isa ga uwar da ba ta karatu ba matsala ba ce. Kusan kowace makaranta a cikinku tana da zauren WhatsApp na iyaye, inda ake tunatar da kuɗin makaranta. Malamar aji ta riƙa tura saƙon murya na minti ɗaya da Hausa a farkon mako: ga sautin wannan mako, ga yadda ake furta shi, ga wasan da za ku yi. Wadda ba ta da babbar waya, maƙwabciyarta tana da ita. Sau ɗaya a zango kuma ku kira iyaye mata ranar Asabar da hantsi, ba don maganar kuɗi ba, ku zaunar da su ku gwada musu da yaro a gabansu. Ku yi musu magana da Hausa, ku girmama su. Da yawansu suna gudun taronku ne saboda ana yin sa da Turancin da ke sa su ji kamar su ma an zo yi musu jarrabawa.

Sai maganar abin karantawa, wadda ita ce ta fi ciwo. Ku shiga gidajen unguwanninmu ku duba: ban da Alƙur'ani da littattafan addini da na makaranta, da wuya ka samu littafin labari ɗaya na ƙaramin yaro. Yaron da ya iya haɗa haruffa bai samu abin haɗawa ba, sai abin ya dushe. Ba sai kun jira wani kamfani ba. Malamanku su rubuta gajerun labarai masu jimla shida ko takwas da haruffan da aka riga aka koya, labarin keke da akuya da masa da ruwan sama, a buga a takarda ɗaya, a ninke ta zama ɗan littafi, yaro ya tafi da shi gida ranar Juma'a ya dawo da shi Litinin ya karɓi wani. Masu buga takardu sun cika garin nan. In makarantu goma suka haɗa kai, kowace ta rubuta biyar, an samu hamsin. Kuɗin kuwa, ku gafarce ni, yana cikin bikin yaye ɗalibai. Kowace shekara ana karɓar kuɗin riga da hula da hoto da rumfa da kiɗa don yaron da ya gama nazare, wani lokaci yaron da bai iya karanta sunansa a jikin takardar shaidar da aka miƙa masa ba. Ban ce a daina murna ba, yara suna son ta, iyaye ma haka. Ku tsakuri wani abu daga ciki ku mayar da shi littattafan aro.

Iyaye maza ma ku sa su a lissafi, kada ku bar su da biyan kuɗi kawai. Uban da ke tafiya da ɗansa masallaci ko kasuwa yana ratsa rubutu ko'ina: allunan shaguna, bayan keke, jikin manyan motoci da aka rubuta wa Sai Haƙuri ko Allah Ya Kiyaye. Ya tsaya ya ce, "Nuna mini harafin farkon sunanka a nan," ya isa aikin ranar. Ku gaya musu wannan ma karatu ne, don da yawansu sun ɗauka sai an zauna da bulala a gefe. Ku kuma yi musu maganar waya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin, in ya gaza haka ma ya fi. Iyaye da yawa suna sakar wa yaro katun na Turanci yini guda suna ganin karatu yake. Zai kwaso kalmomi, ba shakka, amma waya ba ta tambayarsa ta jira amsa.

Bulala kuwa, don Allah ku raba ta da karatun ƙananan yara, a aji da gida. Yaron da aka doka a kan harafi, harafin yake tsana. Kuma yara ba sa nuna rana ɗaya. Wani ya kama a shekara huɗu da rabi, wani sai shida, duka lafiyarsu lau. A ƙasar Finlan, da ake yabon karatun yaranta, sai yaro ya shekara bakwai yake shiga firamare. In kun ga yaro ya daɗe bai motsa ba duk da ana yi da shi, kafin a kira shi daƙiƙi ku ce a kai shi asibiti a duba kunnensa da idonsa. Yaron da kunnensa ke zubar da ruwa tun yana goye yana iya kasa rarrabe sa da sha, kuma ba laifinsa ba ne. Ku ne kuke ganin yara da yawa gefe da gefe, ku za ku riga uwa lura.

Ba na tsammanin ku sauya komai a zango ɗaya. Ku gwada da aji guda. Ku ɗauke kwafi, ku turo sauti da wasa da ɗan littafi. In zango ya ƙare, kada ku duba littafin aikin gida. Ku zaunar da kowane yaro shi kaɗai, ku nuna masa haruffa a barkatai, ku ba shi kalmar da bai taɓa gani ba, ku ji ko zai haɗa. Ku yi wa ɗaya ajin haka, ku kwatanta da kanku. Mu malaman makarantun matan aure muna da iyayen nan a gabanmu kowace yamma. In kun turo mana jerin sautukan da kuke koyarwa a kowane mako, za mu biya su da uwayen kafin su koma gida, ba tare da kun biya ko sisi ba. Shugabanninku na ƙungiyar masu makarantu su sa rana kafin hutun zangon nan, su kira mu, za mu zo da kwalayenmu da labaran da muka riga muka rubuta.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar makarantar matan aure,
Anguwan Rogo, Jos.